Jiƙo, tsimi da giyar magani: abin da ya kamata ku sani kafin ku haɗa saiwoyi a gora ɗaya

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Illela ranar Lahadi ya san ba shanu da raƙuma da hatsi kaɗai ake ciniki ba. A gefen hanya akwai masu shimfiɗa buhu su baza sassaƙe da saiwoyi, akwai masu yawo da lasifika suna tallar maganin basir da sanyi da ƙarfin maza, ga kuma kwalabe da 'yan fakiti masu rubutun Sinanci ko Faransanci, wasu sun ratso ta Konni, wasu sun hauro daga kudu. Mutum yakan sayi kaɗan nan, kaɗan can, ya je gida ya zuba duka a gora ɗaya ya jiƙa. Lissafinsa shi ne in wannan bai yi ba, wancan zai yi.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Sinawa suna cikin waɗanda suka fi daɗewa suna jiƙa magunguna iri-iri wuri ɗaya, sun kuma rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Akwai abin da za mu ƙaru da shi a ciki.

Mece ce giyar magani ta Sinawa?

Da harshensu suna kiran ta yaojiu. Giya ce mai ƙarfi da ake zuba wa saiwoyi, ɓawon itace, 'ya'yan itatuwa, wani lokaci har da maciji ko ƙahon barewa, a rufe a ajiye makonni ko watanni, sannan a riƙa shan ɗan ƙaramin kofi. Giyar da suka fi jiƙawa da ita sunanta baijiu, yawanci da dawa ake yin ta, irin dawar da muke tuwo da ita, kuma sau da yawa rabinta ko fiye zallar barasa ce. Barasa ita ce sinadarin da ke sa maye a cikin kowace irin giya. Don ku gane ƙarfin abin, giyar kwalba da aka sani barasar da ke cikinta kimanin kashi 5 cikin 100 ce.

Abubuwan da suka fi sawa sun haɗa da saiwar jinsin, wadda za ku ga hotonta mai kama da ɗan mutum a jikin fakitin shayi da kofi na ƙarfin jiki, da wasu jajayen 'ya'yan itace da ake kira goji, da kirfa. Wani babban masaninsu mai suna Li Shizhen ya tattara ilimin tsirran ƙasar a wani ƙaton littafi da aka buga a 1596, kuma akwai bayanin irin waɗannan giyoyi da dama a ciki.

Ku riƙe abu ɗaya, domin za mu dawo kansa: giyar maganin iri biyu ce. Akwai ta sha, akwai ta shafawa a gaɓoɓi da wurin targaɗe. A ido kusan duk ɗaya suke.

Mu da ba ma shan giya, ina ruwanmu?

Tambaya ce mai kyau. Jihar Sakkwato tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma mafi yawan mutanen Illela ko a mafarki ba za su sayi abin da aka rubuta masa giya ba. Amma barasa tana shigowa gida ba da wannan suna ba.

Hanya ta farko ita ce abin da ake kira bitas, waɗancan ƙananan kwalabe da 'yan ledoji masu ɗaci da ake tallatawa a matsayin maganin ciwon baya, dattin ciki ko ƙarfin namiji. Da yawa daga cikinsu barasar da ke ciki ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kuma a rubuce take a jikin kwalbar, sai dai wa ke karantawa? Direbobi da 'yan kamasho da masu dako da ke zirga-zirga tsakanin tashoshi sun san su sarai. A kudancin Najeriya kuma akwai wanda ake haɗawa a bakin tasha, saiwoyi a cikin ogogoro, wato wata giya mai ƙarfi haɗin gida, ana auna wa mutum a ɗan kofi.

Hanya ta biyu ta fi ba da mamaki, domin a cikin ɗaki take faruwa. Uwargida, idan kin haɗa tsimi da rake da dabino da mazarƙwaila ko zuma, kika rufe a jarka kika ajiye kwana da kwanaki a zafin Sakkwato, to kin tanadi duk abin da ake buƙata don barasa ta samu. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin yis ɗin da ke kumbura burodi, suna nan a jikin 'ya'yan itace da cikin iska. Suna cin zaƙin, su fitar da iska da barasa. Alamarsu ita ce jarka ta kumbura, ta yi huci in an buɗe, kumfa ya taso, ɗanɗano ya koma tsami mai ɗan yaji a harshe. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar tsimi ya nuna. A gaskiya shaidar ya fara rikiɗa ce. Yawan barasar ya danganta da yawan zaƙi da tsawon kwanaki, kuma babu yadda za a auna shi da baki.

Ta fuskar addini, abin da malamai suka tafi a kai shi ne duk abin da yawansa ke bugarwa ba a shan ko kaɗan ɗinsa, kuma sa masa sunan magani ba ya canza hukuncinsa. Wanda yake da shakka kan wani maganin asibiti na musamman, sai ya tambayi malaminsa da likitansa.

Me ya sa abin da aka jiƙa a ciki yake da muhimmanci?

Domin ruwa da barasa ba abu ɗaya suke tsotsowa daga itace ba. Akwai sinadaran da ba sa narkewa sosai a ruwan sanyi, amma barasa tana zaƙulo su tas. Saboda haka saiwar da kakanku ya jiƙa a ruwan randa ya sha bai ji komai ba, ita ce za ta iya kayar da mutum in ta yi wata guda a cikin ogogoro. Ga shi kuma barasa tana shiga jini da sauri, tana iya rufe ɗacin da zai sa mutum ya tofar.

Tafasawa ma tana canza abu. Wasu tsirran masu guba dafuwa mai tsawo tana rage musu dafi, jiƙo kuwa ba ya ragewa. Wannan ya sa bai kamata a ɗauki maganin da mai magani ya ce a dafa, a ce bari a jiƙa don sauƙi ba.

Shin yawan haɗi ba ya ƙara wa magani ƙarfi?

Nan ne mutane suka fi kuskure. Likitocin gargajiya na Sin suna haɗa tsirrai da yawa, haka ne, amma da tsari. Suna fasalta haɗin da fada: akwai sarki, wato tsiron da zai tunkari cutar kai tsaye, akwai waziri mai ƙarfafa masa, akwai mataimaki, wanda sau da yawa aikinsa rage kaifin sarkin ne don kada ya yi ɓarna, akwai kuma jakada mai daidaita su. Kowanne da nauyinsa a sikeli. Bayan haka suna da wani tsohon jeri da ɗalibansu ke haddacewa, na magunguna 18 da aka ce ba sa jituwa, ba a haɗa su a tukunya ɗaya. Ko binciken zamani ya tabbatar da kowanne daga cikin jerin ko bai tabbatar ba, abin lura shi ne mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna wannan sana'a sun yarda cewa magani biyu masu amfani suna iya zama cuta in suka haɗu.

Masu maganinmu na gado ma sun san haka. Wanda ya gaji sana'ar zai gaya muku wace saiwa ake sawa tsinke ɗaya, wace ce ba a ba mai ciki. Matsalar ita ce mai saye da ya zama likitan kansa, da kuma ɗan talla da bai gaji komai ba sai lasifika. Idan kuka zuba abu goma a gora, kuka ji sauƙi, ba ku san wanne ya yi aiki ba. Idan kuka kwanta, likita ma bai san wanne zai yaƙa ba.

Me ya taɓa faruwa a zahiri?

A watan Mayun 2018, a yankin Bishan na birnin Chongqing da ke ƙasar Sin, an yi walimar zagayowar ranar haihuwa a wani otal. Aka fito da wata giyar magani haɗin gida, kwalba babu rubutu. Mutum 15 suka sha, dukansu suka kamu da rashin lafiya, 5 suka mutu. Bincike ya gano gubar wani tsiro da ake kira akonait a ciki. Irin wannan tsiro ana sa shi a maganin shafawa na ciwon gaɓoɓi, kuma gubarsa tana rikita bugun zuciya. Kimanin miligiram 2 na zallarta, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya isa kisa.

Na biyun ya fi shafar mu. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, an riƙa ba mata wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da tsirran Sin. Wurin sayo kaya aka samu musaya: maimakon wata saiwa da ake kira han fang ji, sai aka kawo guang fang ji. Sunaye sun yi kama, busassun saiwoyin ma sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, daga baya kuma wasu suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Tsiron da ya yi wannan aika-aika daga dangin Aristolochia yake, kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa gubarsa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

To, wannan dangi yana nan a dajinmu. Duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, ɗan gidan ne, kuma ana jiƙa saiwarsa don ciwon ciki. Mugun halin wannan guba shi ne ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai sha watanni yana jin garau, ƙoda tana ƙonewa a hankali, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Akwai sauran da ya kamata a yi taka-tsantsan da su. Zaƙami yana gusar da hankali, ya busar da baki, ya sa zuciya gudu. Ruwan tumfafiya yana taɓa zuciya. Saiwar sanya, duk da kirarin uwar magunguna da ake yi mata, guba ce in ta yi yawa. Filasko yana sa gudawa, kuma yawan shan sa yana tsiyayar da ruwa da gishirin jiki. Idan aka daka su suka zama gari, ko gwani sai ya yi da gaske kafin ya bambance.

Ita kanta giyar fa?

Tana iya zama ita ce ajalin, ko da saiwoyin lafiyarsu lau. Akwai wata 'yar'uwar barasa da ake kira metanol, wadda ake amfani da ita a masana'antu wajen haɗa fenti da makamantansu. Kala ɗaya, wari kusan ɗaya, ga araha, shi ya sa marasa tsoron Allah ke gauraya ta da ogogoro. Cikin ƙaramin cokali biyu na zallarta yana iya makantarwa, abin da ya ɗara haka kaɗan yana iya kisa. A watan Afrilun 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, har aka fara danganta abin da fushin dodon gari kafin a gano metanol ce. Bayan wata biyu wasu gommai suka mutu a Jihar Ribas ta wannan hanya. Alamun sukan jinkirta rabin yini ko yini guda: ciwon kai, amai, ciwon ciki, sai gani ya fara dishi-dishi.

Mazubi ma abin dubawa ne. A gari irin Illela, inda jarkokin fetur da na man inji da robobin maganin feshi suke ko'ina, kada a kuskura a jiƙa abin sha a cikinsu, ko an wanke da omo sau nawa. Roba tana riƙe abin da ta taɓa ɗauka.

Su wa abin ya fi yi wa illa?

Masu ciwon hanta ne a gaba. Wani babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Duk abin da kuka haɗiya, hanta ce ke tace shi, ƙoda ta fitar. Abin takaici, mai shawara, wanda idonsa ya riga ya yi ɗorawa saboda hantarsa ta gaji, shi ne aka fi ɗura wa jiƙe-jiƙe.

Sai masu shan maganin asibiti kullum. Akwai wata saiwa mai zaƙi da Sinawa ke kira gancao, tana cikin haɗe-haɗensu da yawa, tana ɗaga hawan jini in aka daɗe ana sha. Jinsin da goji da wata jar saiwa mai suna danshen suna rikita aikin warfarin, maganin da ake ba masu ciwon zuciya don hana jini daskarewa. Barasa kuma tana iya faɗar da sugan mai shan maganin ciwon suga har ya suma, tana ƙara wa hanta nauyi in ta haɗu da farasitamol, in kuwa ta haɗu da tiramol tana iya tsayar da numfashi.

Maganin maza yana da tasa matsalar. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa kofi da zuma da shayin da aka rubuta wa “na tsirrai zalla” an barbaɗa musu sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an faɗa ba, kuma ba a san adadin ba. Ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, wannan haɗi yana iya faɗar da jini farat ɗaya. Idan maganin gargajiya ya yi aiki cikin rabin sa'a tamkar ƙwayar asibiti, ku yi zargin ƙwayar asibitin ce a ciki.

Mai ciki da mai shayarwa su nisanci duk abin da ke da barasa da duk haɗin da ba su san kansa ba. Jariri kuwa nonon uwa ya ishe shi har wata 6, ba ya buƙatar ɗauri, kuma ba a ba shi zuma sai ya cika shekara.

Lambar NAFDAC ba ta wadatar ba?

Tana da amfani, amma ku san iyakarta. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta amince da su lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an gwada samfurin da aka kai mata an ga ba ya cutarwa, an ba shi izini na ɗan lokaci. Ba ya nufin an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa. Ana kuma buga lambar bogi. Kayan da suka tsallako iyaka a bayan babur kuwa, yawanci babu hukumar da ta taɓa ganin su, a nan ko a Nijar. Game da barasa, tun farkon 2024 hukumar ta sanar da haramta sayar da ita a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, ko da yake an yi ta ja-in-ja da ɗage wa'adi.

Nawa abin yake ci?

Wurin saye, kusan kyauta ne, kuma wannan ne ya sa mutane ke rungumarsa. Ba wanda zai zargi talakan da ke da naira 500 a aljihu don ya zaɓi sassaƙe a kan katin asibiti da gwaji da kuɗin mota. Tsadar tana zuwa ne daga baya. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai an kai shi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko makamancinsa, a riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Zama ɗaya ya kai naira 50,000 a asibitoci da yawa kafin gwamnatin tarayya ta sanar da rangwame a wasu asibitocinta a 2025. Ku lissafa na wata guda, ku ƙara kuɗin mota da na jinya. Gidaje da dama sun sayar da gona da bisashe a kan wannan.

Ke nan a watsar da maganin gargajiya?

A'a. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku yau a asibiti, irin su Coartem, asalinsa wani tsiron Sin ne ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya mai suna Tu Youyou ta samo haske daga wani rubutun likitancinsu mai shekara fiye da 1,600, ta tace sinadarin a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma ku dubi abin da ta yi: ta ware abu ɗaya, aka gwada, aka san adadin da ke warkarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfinsa yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma maganin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar jurewa.

In dai sai na sha, yaya zan yi?

Ku tsaya a kan tsiro ɗaya ko biyu da kuka sani da suna da kama, daga hannun mai maganin da ke zaune a gari, wanda za ku iya komawa wurinsa gobe. Ku saye shi a sassaƙe ko saiwa, ba gari ba. Ku yi da ruwa mai tsafta, kaɗan, wanda za a shanye a yini ɗaya, a zubar da saura. Duk abin da aka ce na shafawa ne a rubuta a jikinsa, a ajiye nesa da na sha da kuma hannun yara. Kada a wuce 'yan kwanaki ana sha, kada kuma a ajiye maganin hawan jini ko na suga ko na tarin fuka saboda shi. In likita ya tambaya ko kun sha wani abu a gida, ku gaya masa gaskiya, ko da kuna jin zai yi faɗa.

Akwai alamun da ba a jira a ga abin da gobe za ta yi: leɓe ko harshe ya yi sanyi kamar ba naku ba, zuciya ta riƙa tsalle ko tsallake bugu, gani ya dushe, amai ya ƙi tsayawa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu ko ƙafa da fuska su kumbura, ko mutum ya fara sambatu. A nan ba a ɗura manja ko madara, ba a sa wa wanda hankalinsa ya gushe yatsa a maƙogwaro. A nufi babban asibitin Illela ko mafi kusa nan take, a tafi da gorar da sauran saiwoyin da fakitin, a kuma faɗa wa ma'aikata lokacin da aka sha da ko akwai wasu da suka sha tare.